Nijar na da ikon datse Kogin Kwara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Nijar za ta iya datse Kwara da madatsar Kandadji ba tare da ta saurari Najeriya ba.

Kwara daga tsaunukan Gini ta taso, ta ratsa Mali da Nijar kafin ta shigo mana ta Kebbi. Shi ya sa aka kafa Hukumar Kogin Neja (wato Kwara) a 1980, mai ƙasashe 9, da hedikwata a Yamai, don a riƙa zama kan irin wannan aiki. Nijar na da haƙƙin sha da noman rani, amma ba ta da ikon ƙuntata wa na ƙasa da ita.

Mu a Kaduna abin ya shafe mu. In ruwa ya ja baya a madatsun lantarki na Kainji da Jebba da ke kan Kwara, wuta ke raguwa. Maƙwabcina mai walda a Tudun Wada sai ya wuni zaune, ko ya ƙarar da ribarsa a man janareta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuwa namu sakacin ne. Da Kamaru ta saki ruwan madatsarta ta Lagdo da ke kan Kogin Binuwai a 2022, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Adamawa, Binuwai da Kogi, alhali madatsar Dasin Hausa da za ta tare ruwan har yau ba mu gina ta ba.