Hunturu da jariran dabbobi: amsoshin tambayoyin masu kiwo

Tun da iska ta juya, yawancin tambayoyin da ke zuwa mini a kan mutuwar 'ya'yan tumaki da awaki ne. Na zaɓi huɗu, domin duk igiya ɗaya ta ɗaure su.

Wani makiyayi daga Gwadabawa: "Likita, tumakina uda ne, sun fara haihuwa cikin Disamba. Sai ɗa ya faɗo lafiya lau da dare, kafin hantsi a tarar ya sandare. Babu zawo, babu tari. Mi ke kashe su?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka zargi wata cuta, fara zargin sanyi da yunwa. Ɗan tunkiya yana fitowa ne daga ciki mai zafin digiri 39, jikinsa sharkaf, ya faɗa cikin iskar asuba. Ruwan jikin nan ya fi iskar kanta illa, don yana bushewa yana tafiya da zafin jikin.

Allah bai sako shi hannu rabbana ba. Ana haihuwarsa da wani kitse na daban, mai ruwan ƙasa, wanda mafi yawansa ke kewaye da ƙoda. Farin kitsen da muka sani ajiya ce kawai. Wannan kuwa aikinsa ƙonewa. Ƙwayoyinsa cike suke da maitokondiriya, wato sassan da ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, kuma a cikinsu akwai wani furotin mai suna UCP1. Da sanyi ya taɓa fata, jijiyoyi za su aika sinadarin noradirenalin, UCP1 ya buɗe, sai abincin ya ƙone ya koma zafi zalla. Ka ɗauka injin ban-ruwa ne aka tayar babu tiyo a rijiya: yana shan mai, yana ɗaukar zafi, ba ya ɗebo ruwa. A gona asara ce. A jikin jariri wannan zafin ake nema.

Matsalar ita ce kitsen nan ɗan kaɗan ne, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin ɗan, kuma jiƙaƙƙen ɗa da ke cikin iska yana iya cinye shi cikin 'yan sa'o'i. In ya ƙare kafin dakashi ya shiga ciki, shi ke nan. Shi ya sa in aka fede irin waɗannan 'ya'yan, sai a ga tumbi wayam, kitsen ƙoda kuma ya narke ya koma ja-ja kamar tsoka mai laushi. In wani ya sake mutuwa, Allah ya kiyaye, ka kai wa malamin dabbobi ya buɗe muku ku gani da ido. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma yana wannan aikin.

Abin yi ba ya cin kuɗi. Tunkiyar da hantsarta ta cika, a ware ta cikin rumfa, a kare gefen gabas da arewa da zana, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. In ta haihu ta ƙi lasar ɗan, ko tagwaye ne ta shagala da ɗaya, a goge shi da tsumma har ya bushe, a tsoma cibiya cikin aidin. A matsa kan nonon uwar a ga ya ɓalle, don wani lokaci toshewa yake yi, ɗan yana ta tsotso a banza, mai shi yana ganin ai yana sha.

Sannan ka waiwayi cikin uwar. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a makonni shida na ƙarshe yake faruwa, kitsen nan ma lokacin yake taruwa. Tunkiyar da ta ƙare cikinta a kan karan dawa tsura, ƙaramin ɗa za ta haifa, mai ƙaramin guzuri, ga dakashi kaɗan. Harawa, kowar wake, dusa, 'ya'yan gawo, ɗan gishiri mai aidin: a ba masu tsohon ciki kafin kowa.

Wata uwargida daga Boɗinga: "Jar akuyata ta haifi biyu. Ɗaya na tsince shi kwance, bakinsa sanyi ƙalau. Maƙwabciyata ta ce in ɗura masa ruwan zafi da sukari. In yi?"

Hajiya, dakata tukuna. Duba ko yana iya ɗaga kai, sa masa ɗan yatsa a baki ki ji ko zai tsotsa. Wanda ba ya iya haɗiya, duk abin da aka ɗura masa huhu zai wuce, ya shaƙe. In kina da ma'aunin zafi, sa shi a dubura: 39 zuwa 40 lafiya, ƙasa da 37 haɗari ne.

Shekarunsa, ko in ce sa'o'insa, su ke raba hukunci. In bai kai awa biyar da haihuwa ba, yana da sauran kitsensa: goge shi, naɗe shi a zani, sa kwalbar ruwan ɗumi da aka nannaɗe da tsumma a gefensa, in ya farfaɗo ki ba shi dakashi. In ya haura awa biyar, guzurin ya ƙare, sukarin jininsa ya faɗi, kuma ɗumama shi haka nan yana iya sa shi farfaɗiya. Mai ɗaga kai a fara ba shi nono, sannan ɗumi. Wanda ya langaɓe, allurar gulukos yake buƙata, wannan kuwa aikin malamin dabbobi ne. Kada a kanga shi a bakin murhu, fata za ta ƙone cikinsa na nan da sanyi.

Awon dakashi: mililita 50 ga kowane kilo a shan farko, kimanin 200 ga kowane kilo a yini da kwana na farko. Ɗan akuya mai kilo 2 ke nan zai sha sirinji mai 20 sau biyar a karon farko, a hankali ta gefen baki. A gaggauta, don hanjinsa yana karɓar garkuwar da ke cikin dakashi sosai ne a awa shida na farko, bayan awa 24 ƙofar ta rufe. In uwar ba ta da shi, a tatso na wata akuya ko saniya da ta haihu a ranar. Madarar gari ba ta maye gurbinsa.

Wani ɗalibi mai kiwon turke a Wamakko: "Malam, na karanta cewa kitsen nan yana fitar da wasu furotin in yana aiki. Akwai allurarsu da za a yi wa jarirai? Kuma sanyi zai narkar da kitsen ragunana?"

Ƙanena, karatunka daidai ne. Da ana ɗauka ɗumama jiki kawai yake yi. Bayan 2009, da aka tabbatar baligan mutane ma suna da shi, bincike ya yi yawa, aka gano yana sakin furotin da ke kai saƙo ga sauran jiki. Masana a Jami'ar Basalona ta Sifen sun nuna a 2011 cewa in sanyi ya tayar da shi a jikin ɓera, yana sakin FGF21 cikin jini, wanda ke taimaka wa jiki jan sukari da ƙona kitse. A 2014 wasu a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka bayyana Nrg4, mai zuwa hanta ya rage ƙera kitse. Akwai VEGF-A mai ƙara masa hanyoyin jini, da NGF mai ƙara masa jijiyoyi, wato yana faɗaɗa kansa da kansa in sanyi ya daɗe.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da mutanen Basalona suka fitar a 2010: a jaririn ɓera, shan nonon farko ne ke sa hanta ta saki FGF21, shi kuma ya ƙara kunna kitsen. Nono ba mai kaɗai yake kawowa ba, har da umarni.

Amma kusan duk wannan a kan ɓeraye aka yi, kuma don neman maganin ciwon suga da ƙiba na mutane. Ba wata allurarsu da aka amince a yi wa tumaki. Wanda ya tare ka a kasuwar Achida ko Illela da kwalba yana cewa ita ce, riƙe kuɗinka.

Ragunanka kuwa, kitsen nan yana rikiɗewa ya koma fari cikin makonnin farko na rayuwa, babban rago ba shi da wani abin kirki. Duk da haka wanda ya kwana cikin iska yana kashe wani ɓangare na dusarsa wajen ɗumama jiki. Kare masa turke.

Wata mai kiwon kaji a Arkilla: "'Yan tsakina ma suna da kitsen nan?"

Ba su da shi, Hajiya. Tsuntsaye ba su da UCP1 sam, don haka ke ce za ki samar da zafin: digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa da kamar 3 kowane mako. In sun cure wuri ɗaya suna tsuwa, sanyi ne. In sun watse jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In da tukunyar gawayi kike amfani, bari ya ruru sosai a waje kafin ki shigar, kuma ki bar kafar iska a sama ko da dare ne.