Amsa: Yadda za ka samu koras irin na da a waya

Ɗan'uwa, ka ce koras ɗin (ifekt ɗin da ke kaurara sauti) da kake sawa a FL Studio Mobile, manhajar haɗa kiɗa a waya, yana fita tsaf-tsaf ba ɗumi, ba kamar na tsofaffin waƙoƙi ba. Nima na sha fama da wannan wallahi.

Shi koras kwafin sautinka yake yi, ya jinkirta shi kamar milisakan 10 zuwa 30, yana ɗan jujjuya jinkirin sai ka ji kamar mutum biyu ke bugawa. To na da irin na'urar koras ta Boss CE-1 ta 1976 da wanda ke cikin kibod ɗin Juno-60 na 1982, da cif ɗin BBD mai jinkirta sauti suke aiki, shi kuma yana cinye kaifin sama har da ɗan "shhh" a ƙasa, ɗumin da kake nema kenan.

Don haka ka rage saurin juyawar zuwa kamar rabin zagaye a sakan, zurfi matsakaici, sannan ka sa ikolaiza (mai daidaita kaifi da kaurin sauti) bayansa ka datse kaifin sama kaɗan. Gwada shi a kan fiyano ko jita, riƙe kod ɗaya (sautuka da ake bugawa tare) ka saurari yadda yake lilo a hankali.

Amma don Allah kar ka ɗora shi kan bas, dagula shi yake yi. Kuma ka cire iyafis ka ji ta sifikar wayar, don wani faɗin sautin na hagu da dama ɓacewa yake a can.