Ɗana Ba Ya Son Karatu, Ta Ina Zan Ɓullo Masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 9. Na saya masa littattafan labarai kusan goma, amma ba ya buɗe su sai na tsare shi, da na juya baya kuma ya koma kan waya. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kyauta na yi masa alkawari. Ina mafita? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi.

Kafin a yanke masa hukuncin ƙiwa, a fara gano ko yana iya karanta littattafan nan. Sau da yawa abin da iyaye ke kira lalaci, wahala ce yaro yake gudu. A 2022 Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi, alhali da yawansu suna zuwa makaranta. To ki gwada shi cikin raha. Ki buɗe shafi ɗaya daga tsakiyar littafi ya karanta miki a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya naɗe yatsa guda. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa yanzu, a adana masa zuwa gaba. Mai kalma biyu ko uku masu wuya a shafi shi ne daidai wuyansa. Kada ki ji kunyar komawa kan mai manyan haruffa da hotuna.

Sai kuma in tambaye ki: wa ya zaɓi waɗannan goman? Ina kyautata zaton ke ce, kuma kin zaɓi masu koyar da tarbiyya. Ba laifi, amma yaro ba don wa'azi yake buɗe littafi ba, don ya ji abin da zai faru ne. Ki duba abin da yake kallo a wayar nan, nan son ransa yake. Ƙwallo ce, ko motoci, ko namun daji? Na taɓa koyar da wani yaro da kowa ya sallama cewa ba zai yi karatu ba. Ranar da ya ci karo da littafin macizai, sai ga shi ya ɗora yatsa a ƙarƙashin hoton mesa ta haɗiye barewa, yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya don ya san kwana nawa take yi ba ta sake cin abinci ba. Ba wanda ya sa shi. Littafin barkwanci da na zane-zane duk karatu ne. In ya maimaita guda sau bakwai, ki ƙyale shi, ta haka bakinsa zai faɗa. In kuma ya fara wani ya ce ba daɗi, ya ajiye. Mu ma manya muna yi.

Abin da na fi ganin tasirinsa shi ne ki riƙa karanta masa da bakinki, ko da ya iya. Kunnen yaro yana gaba da idonsa, yana gane labarin da bai kai ga karantawa da kansa ba. Minti goma kafin barci ya isa. Ki sauya murya, ki tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, ki rufe littafin ki bar shi kusa da matashinsa. Sai dai ki riƙe bakinki daga "to me ka koya?" Wannan tambaya tana mayar da hira jarrabawa. "Kai da kai ne, ya za ka yi?" ta fi buɗe baki. Kuma ya riƙa ganin ku da littafi a hannu, musamman babansa.

Batun kyauta kuwa, ki janye a hankali. A 1973 masanin halayyar ɗan Adam Mark Lepper da abokan aikinsa sun yi gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka da yara masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin lambar yabo sun rage yin zanen daga baya, da aka bar su da kansu. In dole sai an yi kyauta, ta zama wani littafin da zai zaɓa.

Wayar ma tana da rana. Shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver suna da dubban labaran yara masu hotuna kyauta, an jera su mataki-mataki, cikin harsuna da yawa har da Hausa. Ki fara da harshen da kuke yi a gida, don yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake tunani da shi. Ki sauke labaran, ki kashe intanet, sannan ki miƙa masa.

In kin lura yana matso da littafi dab da fuska ko yana kukan ciwon kai, a kai shi gwajin ido. In kuma yana tsallake layi, yana fama da haɗa sauti da harafi, ko ya manta kalmar da ya karanta yanzun nan duk da ƙoƙarinsa, ki zauna da malaminsa a duba ko disleksiya ce, wato larurar da ke sa koyon karatu ya yi wa yaro wuya. Wannan matsala ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma koyar da sautin haruffa daki-daki yana taimaka wa masu ita sosai, musamman in an fara da wuri.