Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Gyaran Murya Bayan An Naɗa

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda, wato tsabtace muryar da aka naɗa a kwamfuta, kuma yawancinsu daga cikin garin Gombe da kewayensa suka fito. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a Tudun Wada. Wani mawaƙi yana turo mini muryarsa daga Kaduna ta saƙon murya na WhatsApp, amma idan na ɗora ta a kan kiɗa sai in ji ta siririya, ba ta da nauyi. Wane gyara zan yi mata?

AMSA: Babu gyaran da zai dawo da abin da aka zubar a hanya, ɗan'uwa. WhatsApp yana matse saƙon murya ƙwarai domin ya yi saurin tafiya, kuma a wajen matsewar ne nauyin da kake nema yake salwanta. Ka ce masa ya fitar da muryar a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai bit 24, ba kiɗa ba amsa-kuwwa, sannan ya turo ta a matsayin fayil. Minti ɗaya na murya ɗaya a wannan tsari bai wuce kimanin megabait 8 ba, WhatsApp kuwa yana karɓar fayil har gigabait 2.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da ɗan situdiyo a shago a Pantami. Na naɗi waƙar wani yaro ana kan janareta, fanka tana juyawa saboda zafi, kuma duk inda ya ɗaga murya sai sautin ya fashe. Na bi ta da na'urar rage hayaniya ta manhajar Audacity har sau uku, yanzu hayaniyar ta tafi amma muryar ta koma kamar mai magana a cikin ruwa. Wace manhaja ce za ta gyara mini wannan?

AMSA: Ƙanena, a kan wasiƙarka zan tsaya, domin irinta ta fi kowace yawan zuwa, kuma kullum da tambaya ɗaya take ƙarewa, wato wace manhaja. Ka kunna janareta a bakin ƙofa, ka saki fanka a kan makirfo, ka buɗe ƙarfin shigar sauti har ƙarshe, sannan kana neman kwamfuta ta wanke maka duka ukun a zama ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen lokacin murya shi ne kafin a danna maɓallin naɗa.

Bari mu fara da fashewar. Na'urar da ke mayar da sauti lambobi tana da rufin da ba ta iya wucewa, wanda ma'aunin manhajarka yake nunawa da sifiri, inda fitilar take yin ja. Duk sautin da ya haura wannan rufi ba a ajiye shi a ko'ina ba, sare kansa aka yi, shi ya sa idan ka faɗaɗa hoton igiyar sautin za ka ga ƙololuwarta a shafe kamar an bi ta da reza. Manhajoji irin su iZotope RX suna iya ƙiyasta abin da aka sare su cike gurbin, Audacity ma tana da ƙaramin maganin hakan, kuma suna taimakawa idan fashewar 'yar kaɗan ce a wurare biyu ko uku. Idan kuwa kowane baiti ya daki rufi, ka kira yaron ya sake rerawa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu dalilin wannan ganganci a yau. Naɗi mai bit 16 yana da faɗin kimanin desibel 96 tsakanin shiru da rufi (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), mai bit 24 kuma ya kai wajen 144 a lissafi, saboda haka ba ka rasa komai idan ka bar sarari. Al'adata ita ce in sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar tun kafin a fara, in daidaita ƙarfin shiga yadda ƙololuwar za ta tsaya tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifiri, in ɗauke hannuna daga wurin har a gama. Ƙara ƙarfi daga baya abu ne na daƙiƙa biyu.

Sai batun muryar cikin ruwa, wanda kai ka jawo shi da hannunka. Na'urar rage hayaniya tana aiki ne da samfurin da ka ba ta: tana duba yadda hayaniyar ta bazu a matakan sauti, sannan ta danne duk abin da ya yi kama da ita. Matsalar ita ce ƙugin janareta da shuuu ɗin fanka suna zaune a matakan da muryar ɗan Adam take zaune, don haka duk lokacin da ka danne su da ƙarfi kana yankar naman muryar tare da su. Ka yi haka sau uku a jere, abin da ya saura shi ne ɓurɓushin da kake ji yana kyalkyala. Ina fata kana da kwafin asalin naɗin, domin wanda ya yi gyara a kan asali ba tare da ya ajiye kwafi ba ya rufe wa kansa ƙofar komawa. Ka koma kan asalin, ka zaɓi wurin da mawaƙin ya yi shiru, babu numfashi babu motsin tufafi, ka ɗauki samfurin a nan, ka rage tsakanin desibel 6 da 12 sau ɗaya tak, ka saurara da abin kunne mai kyau. Ragowar hayaniya kaɗan kiɗa zai rufe ta, amma babu kiɗan da ke rufe murya mai kyalkyala. A FL Studio wannan aikin a cikin sashen gyaran sauti mai suna Edison ake yin sa, kuma ƙa'idar ba ta canza ba. Daga yau kuma ka riƙa naɗar daƙiƙa goma na shirun ɗakin kafin mawaƙi ya buɗe baki, domin ka sami samfuri mai tsabta.

Na san zafin Gombe a watannin Maris da Afrilu, kuma ban ce kowa ya suma a cikin shago ba. Ka sanyaya ɗakin, ka kashe fanka na minti uku ko huɗu da za a rera, ka sake kunnawa a lokacin saurare. Janareta a kai shi bayan gini da doguwar waya, ko a yi naɗin da batir da inbata, ko kuma a zaɓi dare bayan babura da masu nika sun lafa. Ka matso da mawaƙi kusa, kimanin taƙi ɗaya daga makirfo, domin duk lokacin da ka rage nisan da rabi muryar tana ƙaruwa da wajen desibel 6 alhali hayaniyar ɗakin tana nan yadda take. Yawancin makirfon waƙa ba sa ji sosai ta bayansu, sai ka juya bayan nasa ga ƙofa ko taga. Kwalayen ƙwai da nake gani an manna a bangon shaguna kuwa ba sa tare ƙarar waje, kuma ɗan abin da suke sha na amsa-kuwwa bai taka kara ya karya ba. Katifa a jingine bayan mawaƙi da bargo mai kauri a gefe sun fi su aiki nesa ba kusa ba. Kwanakin baya an kawo mini wata ƙasida mai daɗin gaske da aka naɗa a wani situdiyo mai tsadar kaya, na shafe yini guda a kanta, daga ƙarshe muka sake naɗa ta a ɗakin kwana mai labule da katifa, ta fita fes cikin rabin sa'a.

TAMBAYA: Malam, akwai wani ƙugi mai kauri da ba ya yankewa a duk abin da na naɗa, ko da ɗakin shiru yake. Daga Kumo.

AMSA: Cire cajar kwamfutar ka sake gwadawa da batir, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ƙugin yana zaune a kan 50, da 'ya'yansa a 100 da 150. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 da ikwalaiza, wato na'urar rage ko ƙara matakan sauti, ka sa siririn yanka a kan sauran biyun. Kada ka ɗauki saitin 60 da kake gani a darussan intanet, wannan na wutar Amurka ne. Idan ƙaramin janareta ne ke ba ka wuta, gudunsa yana hawa yana sauka, ƙugin ma yana bin sa, siririn yanka ba zai kama shi ba.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce a wata Islamiyya a Jekadafari, ina naɗar waƙoƙin ɗalibai da wayata da ƙaramin makirfo. Harafin "s" yana soka kunne, "f" da "b" suna bugun makirfo, ga kuma ƙananan ƙarar baki. Na sa na'urar cire ƙas-ƙas sai wasu kalmomi suka lalace.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri, tambayarki ta taɓo abin da masu darussan waje ba za su gaya miki ba. Haruffanmu na "ƙ" da "ts" da ɗan gajeren fashewa mai kaifi suke fita, wanda a wurin na'ura ya yi kama da ƙarar bakin da aka umarce ta ta goge. Idan kika sake ta da ƙarfi a kan waƙar gaba ɗaya, za ta iya dakushe su har "ƙafa" ta kusa komawa "kafa". Ki faɗaɗa hoton sautin, ki bi ƙararrakin ɗaya bayan ɗaya da hannu, ki bar haruffan su sha iska. Ƙarar baki kuma daga bushewa take zuwa, musamman da hunturu, don haka ki ba yaran ruwa kafin su fara. Bugun "f" da "b" iska ce ke dukan makirfo: ki sa ragar tare iska, ko ki ɗaura siririyar safa a zoben ƙarfe, ki kuma kautar da makirfon kaɗan daga saitin baki. Kaifin "s" yawanci tsakanin kaɗawa 5,000 da 8,000 a daƙiƙa yake, ki rage shi da desibel 3 ko 4 kawai, idan ya wuce haka yaran za su koma kamar masu tsamin baki.

TAMBAYA: Yallaɓai, na sa Auto-Tune, manhajar daidaita sautin murya, amma muryata tana karkarwa tana tsalle daga sauti zuwa sauti. Daga Bajoga.

AMSA: Ba ka gaya mata mabuɗin waƙar ba, wato jerin sautukan da aka gina kiɗan a kai, shi ya sa take jan muryarka zuwa sautin da babu shi a kiɗan. Tun da kamfanin Antares ya fitar da ita a 1997 aikinta ɗaya ne, ta tura murya zuwa sauti mafi kusa a cikin jerin da aka zaɓa mata. Ka saita mabuɗin, ka cire sautukan da waƙarka ba ta amfani da su, ka ɗaga lambar saurin gyaran daga sifiri zuwa tsakanin 20 da 40 idan muryar mutum kake so. Ka tsabtace hayaniya kafin ta, domin ƙugi yana ruɗa ta. Baiti ɗaya ko biyu da suka kauce kuma ka gyara su da hannu a NewTone, sashen gyaran sautin murya na FL Studio, tunda ka ce a wasiƙarka FL Studio kake amfani da ita.