Me ya haɗa mitokondiriya da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin likitanci. An koya mana cewa mitokondiriya ita ce ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. Sai na ji an karrama wani masanin ƙwaƙwalwa saboda ya shafe shekaru yana nazarin mitokondiriya da mutuwar ƙwayoyin halitta. Me ya haɗa su? Kuma da me ake gane cewa aikin masani ya yi tasiri?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da aka koya miki gaskiya ne, sai dai rabin labari ne. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma mitokondiriya ce ke ɗauke da wannan ɗawainiya. Amma a cikinta akwai wani furotin, saitokurom c, wanda idan ya tsiyayo waje sai ya tayar da wasu furotin masu daddatsa ƙwayar daga ciki. Xiaodong Wang da ɗalibansa ne suka nuna haka a 1996. Wato mai ciyar da ƙwayar, ita ce kuma ke riƙe da wuƙar yanka ta. Ana kiran wannan tsararriyar mutuwa afoftosis, sunan da Kerr, Wyllie da Currie suka raɗa mata a 1972.

Ba ki faɗi sunan masanin ba, don haka bari in ɗauki Richard Youle na cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, domin aikinsa ya amsa tambayoyinki biyun. A 1997 shi da abokan aikinsa suka liƙa wa furotin Bax wata alama mai walƙiyar kore, suka zura ido ta madubin likita. A lafiyayyar ƙwaya, koren a warwatse yake ko'ina. Da mutuwa ta kunno kai, sai ya tattaru ɗigo-ɗigo a jikin mitokondiriya. Bax ɗin nan shi ke huda bangonta har saitokurom c ya fito.

Inda aikinsa ya fi burge ni shi ne cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da taurin gaɓoɓi. Zargin mitokondiriya ya samo asali ne daga abin da ya faru a 1982, lokacin da wasu matasa a Kaliforniya suka yi wa kansu allurar wata muguwar ƙwaya da ta gurɓace da sinadarin MPTP, cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin masu cutar. Daga baya aka gano dafin yana toshe numfashin mitokondiriya a ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen daidaita motsin jiki. A 1998 masana a Japan suka gano ƙwayar gado ta Parkin a iyalan da cutar ke kama su tun suna matasa, a 2004 kuma aka gano wata ƙwayar gadon, PINK1. An san su biyun na da hannu, amma takamaiman aikinsu ya gagari kowa.

A 2008 Youle da ɗalibinsa Derek Narendra suka sake amfani da dabarar walƙiyar nan. Suka zuba wa ƙwayoyin halitta sinadarin da ke raunana mitokondiriya. Cikin sa'a guda furotin Parkin ya lulluɓe raunanan, bayan kwana ɗaya zuwa biyu kuma babu su babu alamarsu, ƙwayar ta narkar da su. A 2010 suka nuna cewa PINK1 ne ɗan tsegumin: lafiyayyar mitokondiriya tana shigar da shi ciki a lalata shi, wadda ta raunana kuwa ba ta iyawa, sai ya taru a bayanta ya kira Parkin. Ki tuna yawancin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ba a sauya su, da su ake haihuwar mutum da su zai tsufa. Idan shara ta taru a irin wannan ƙwaya shekara da shekaru, ƙarshenta mutuwa. Wannan aiki ne ya sa aka ba Youle lambar yabo ta Breakthrough ta 2021.

Game da auna tasiri, jami'o'i na ƙirga yawan maƙalu da yawan waɗanda suka ambace su. Ba na raina wannan, amma ni ba nan nake fara dubawa ba, domin akwai mai maƙala ɗari uku da bai sauya tunanin kowa ba. Ina tambaya: shin wasu ɗakunan bincike sun maimaita gwajin sun samu abu ɗaya? Shin tambayar da mutane ke yi ta canza bayan aikin? Ga Youle amsar e ce sau biyu.

Sai dai kada ki ɗauka an kai ga magani. Yawancin gwaje-gwajen farko a ƙwayoyin da ake reno a kwano aka yi su, ba a ƙwaƙwalwar mutum ba, kuma mafi yawan masu Parkinson ba gadonta suka yi ba. Har yau maganin lebodofa ake ba su, yana sassauta alamu amma ba ya hana ƙwayoyin mutuwa. A ɓangaren sankara ne ilimin afoftosis ya riga ya haifi magani: venetoclax, wanda aka amince da shi a Amurka a 2016 don wani nau'in sankarar jini, yana toshe BCL-2, furotin da ke hana Bax aikinsa.