Ɗan Kutsen da Na Ƙirƙira Ya Fi Kowa Iyawa, Me Ya Sa Jagoran Wasa Ya Ƙi Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke haɗuwa duk ranar Asabar muna yin Cyberpunk RED, wasan nan da ake kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, jagoran wasa yana warware labari, ɗan lido yana raba gardama. Ni ɗan kutse na ɗauka. Na rubuta masa tarihi har shafi uku: maraya ne, wani kamfani ya kashe iyayensa, shi ya koya wa kansa kwamfuta, yana shekara 12 ya kwashe kuɗin wani babban banki daga cikin ɗakinsa, ba ya yarda da kowa, kuma ba a taɓa kama shi ba. Jagoranmu ya karanta ya ce wai bai ga abin kamawa a ciki ba. Gaskiya raina ya sosu. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka yi haƙuri ƙanena, amma jagoranku yana da gaskiya. Ka rubuta mutumin da ya riga ya gama rayuwarsa kafin a jefa ɗan lido na farko. Iyaye sun mutu, aboki babu, ba a bin sa bashi, bai taɓa faɗuwa ba. To jagora ta ina zai ja shi? Shi jagora idan yana karanta tarihin jarumi, igiya yake nema: wanda zai buga wa jarumin waya da tsakar dare, wanda za a sace don a tilasta masa aiki, wanda yake jiran ranar ramuwa. Kai kuwa duk ka tsinke igiyoyin ka miƙa masa ƙwarya wankakkiya.

Kafin mu je can, akwai matsalar da ta fi wannan sauƙin gyarawa: tarihinka ya ci karo da duniyar wasan kanta. Labarin Cyberpunk RED a shekarar 2045 yake faruwa, a birnin Night City. A tarihin da Mike Pondsmith, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya shimfiɗa wa wannan duniya, tsohon intanet ya rushe tun 2022, lokacin da mutuwar shahararren ɗan kutse Rache Bartmoss ta saki mugayen manhajojin da ya dasa, har hukumar NetWatch mai tsaron intanet ta rasa yadda za ta yi ta rufe shi. Shekara guda bayan haka bam ɗin nukiliya ya tashi a hasumiyar kamfanin Arasaka da ke birnin. Ka yi lissafi: idan jaruminka yana da shekara 25, a 2020 aka haife shi, ke nan yana goye aka rufe hanyar da za a zauna a ɗaki a shiga bankin wata nahiya. A 2045 kowane gini da nasa keɓaɓɓen tsarin kwamfuta, kuma dokar wasan ta ce sai ɗan kutse ya kusanci mashigar tsarin da tazarar da ba ta wuce mita 6 ba. Da ƙafarsa zai je, harsashi yana wucewa ta saman kansa.

Da gangan aka yi wannan dokar. A Cyberpunk 2020, tsohon bugun wannan wasa na shekarar 1990, da kuma bugun farko na wani wasa irinsa mai suna Shadowrun da ya fito a 1989, an daɗe ana kuka da abu ɗaya: da zarar ɗan kutse ya shiga na'ura, sai shi da jagora su shafe lokaci mai tsawo su kaɗai, sauran 'yan wasa suna hamma, wasu ma su fita neman abin taɓawa. Aka gyara ta hanyar fito da shi fili tare da jama'a. Saboda haka jarumin da "ba ya yarda da kowa" ya zo wasan da aka gina shi a kan cewa wani ne zai tsare masa baya yayin da hankalinsa ya rabu biyu. Sannan dubi takardar jaruminka: gwanintar kutse a mataki na 4 cikin 10 take farawa, wato motsi uku a cikin na'ura a kowane zagaye. Wannan ƙwararre ne mai cin abinci da sana'arsa, amma bai kai wanda duniya take rawar ɗari da jin sunansa ba. Ranar da ɗan lido ya juya maka baya, wata ƙofar sito ta gagare ka, tarihin nan mai shafi uku zai koma abin dariya a tebur.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe. Ka duba yadda 'yan kutse na gaske suka fara, za ka ga babu mai kama da naka. Kevin Mitnick, wanda hukumar FBI ta kama a watan Fabrairun 1995 a garin Raleigh na Amurka, shi ma yana shekara 12 ya yi ta'asarsa ta farko, amma ba banki ya shiga ba. Wani direban bas ya lallaɓa har ya gaya masa inda ake sayar da abin huda tikiti, ya je juji kusa da garejin bas ya tsinto tikitocin da ba a yi amfani da su ba, ya riƙa yawo kyauta a Los Angeles. Daɗin baki da tonon shara, su ne jarinsa, kuma har ya girma yawancin ƙofofin da ya buɗe mutane ne suka ba shi makullin da hannunsu ta wayar tarho. Robert Morris kuwa ɗalibi ne a jami'ar Cornell da ya saki wata manhaja a ranar 2 ga Nuwamban 1988. Kuskuren lissafi ya sa ta yi ta hayayyafa har ta durƙusar da kwamfutoci da aka ƙiyasta sun kai 6,000, a zamanin da duka intanet ɗin bai wuce cikin cokali ba. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri, mahaifinsa babban masani ne a hukumar tsaron NSA. Ka ga labari! Yaro ya yi ɓarna, uba yana cikin masu gadin gidan. Da jagoranku ya sami irin wannan, da wata uku zai yi yana tatsar sa.

Don haka ka koma ka tambayi jaruminka: wa ya koya maka? Babu mai koyon sana'a a iska. Wanda ya taɓa zama a rumfar masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano ya san yadda abin yake: akwai ubangida, akwai yaron shago da ya shekara yana miƙa sukundireba kafin a bar shi ya buɗe wayar mutane, akwai ranar da ya ƙona ta wani aka biya a madadinsa, ana kuma tuna masa har gobe. A 2045 malamin da ya fi dacewa shi ne dattijon da ya san tsohon intanet da idonsa, ya rasa abokai a cikinsa, yanzu hannunsa yana karkarwa. Ka bar shi da rai. Matacce ba ya neman alfarma.

Sai na'urar kutsen. Matsakaiciya kuɗinta 500 ne a kuɗin wasan, ban da manhajoji da tiyatar da aka yi aka dasa masa mahaɗi a jijiya. Yaron unguwar talakawa ina ya samo? Amsar wannan tambaya kaɗai ta isa ta haifar maka da dillalin da yake bin ka bashi. Kada kuma ka manta da jiki. Cikin manhajojin da ke gadin na'ura a wannan wasa akwai wanda ake kira Hellhound, wanda idan ya cafke ka yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya kuma cinna wa na'urarka da tufafinka wuta. Tabon ƙuna a wuya, da labarin daren da aka same shi, ya fi "ba a taɓa kama shi ba" amfani sau goma.

Bari in gwada maka da naka jarumin, ba tare da na canza shi gaba ɗaya ba. Mahaifinsa ya rasu a shekarun da suka biyo bayan bam, mahaifiyarsa tana nan, tana shara a ginin wani kamfani, kuma ta ɗauka gyaran injinan sayar da abinci yake yi. A wurin wata tsohuwar 'yar kutse ya koya, na'urar da yake riƙe da ita ma tata ce, aro ta ba shi. Yana shekara 19 ya buɗe ƙofar wani ɗakin ajiyar magani, ya goge sawunsa ta hanyar ɗora laifin a kan katin wani maigadi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka kori maigadin, daga baya aka tsinci gawarsa. 'Yar mutumin ta girma, tana bin diddigi, ta kusa. Shi ya sa yake neman ayarin da zai fake a cikinsa, shi ya sa kuma ba ya son a taɓa masu gadi idan an shiga aiki, abin da zai haɗa shi faɗa da mai bindigar ayarinku tun a daren farko. Duka wannan bai cika rabin shafi ba.

Kamfanin da ya kashe iyaye ba laifi ba ne, ya dai yi yawa a kasuwa, kusan kowane sabon ɗan wasa da shi yake zuwa. In ka nace sai ka riƙe shi, to ka ba shi fuska: wane ma'aikaci ne ya sa hannu, yana ina yanzu, me ya sa har yau jaruminka bai taɓa shi ba?

Littafin wasan yana da jadawalin da ake kira Lifepath, har da ɓangare na musamman don ɗan kutse: su wa yake yi wa aiki, ina yake samo manhajoji, wa yake farautarsa. Ka jefa ɗan lido a kansu ko da kana ganin ka riga ka san amsa, domin sau da yawa abin da ya faɗo ya fi wanda ka tsara daɗi. Laƙabinsa kuma ka bar abokan wasanka su raɗa masa bayan zama biyu ko uku. Ranar Asabar ka je wa jagoranku da rabin shafi da sunayen mutum uku masu rai, ka ce masa ya zaɓi wanda zai fara ƙwanƙwasa ƙofa.