Filin Amsoshinku: An Yanka Mini Tara Ban Yi Laifi Ba, Ko Zan Iya Zuwa Kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne tsakanin Zariya da Kano. Kwanakin baya jami'an hanya suka tare ni, suka ce sun gan ni ina waya ina tuƙi, alhali wayar tana cikin aljihuna, kunnena kawai na sosa. Suka karɓe lasisina, suka miƙo mini takardar tara. Abokan sana'ata a tasha sun ce in biya in huta. Shin talaka yana da ikon ƙalubalantar irin wannan takarda a gaban alƙali?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da wannan iko, domin takardar da ke hannunka zargi ce, ba hukunci ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da shi, saboda haka jami'in da ya ce ya gan ka, shi ne zai zo ya gamsar da kotu.

Ba ka ambaci hukumar da ta tare ka ba. Idan ta tarayya ce, wato Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ke aiki da dokar 2007, zaɓi biyu ne a gabanka: ko ka biya tarar da aka ƙayyade, wadda jadawalin dokar ya sa naira 4,000 ga mai waya yana tuƙi, ko kuwa a gurfanar da kai. Hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna suna da nasu dokokin da nasu adadin tara. Abin da abokan sana'arka ba su gaya maka ba shi ne, wanda ya biya ya sarayar da damarsa ta a saurare shi, don haka idan kotu kake nufi, kada ka fara da zuwa banki. Ka je ofishin da ya ba da takardar kafin wa'adin da ke jikinta ya cika, ka sanar da su a rubuce cewa ba ka yarda da zargin ba, ka riƙe kwafi.

Irin wannan shari'a majistare ne ke yin ta, wani lokaci a kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa a bakin titi, ƙarƙashin rumfa da teburi ɗaya. A nan direbobi suka fi faɗuwa. Ana karanta tuhuma da Turanci cikin sauri, mutum yana tunanin fasinjojin da ya bari a rana, sai ya gyaɗa kai, a rubuta ya amsa laifi. Idan ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta, domin sashen nan na 36 ya ba ka shi kyauta, kamar yadda ya ba ka damar kare kanka ko ɗaukar lauya. Sannan ka faɗa da bakinka cewa ba ka amsa laifin ba.

Ka duba lokacin da aka rubuta a takardar, ka gwada shi da jerin kiran da ke wayarka, kada ka goge komai. Wannan shaida ce mai amfani, amma ba ta isa ita kaɗai ba, tunda kowa ya san ana iya goge kira. Fasinjan da ya zauna kusa da kai, in zai yarda ya zo, ya fi ta ƙarfi. Kana kuma da damar yi wa jami'in tambayoyi: a ina ya tsaya, kuma ta wane ɓangare ya hango hannunka?

Gaskiya ita ce kwana biyu na zaman kotu za su iya cin abin da ya ninka tarar, kuma idan alƙali ya same ka da laifi sai ka biya. A ganina, direban da lasisi ne jarinsa, kuma yana da shaida a hannu, bai yi ɓatan kai ba idan ya tsaya. Idan aka wanke ka, ka karɓi takardar hukuncin ka kai ofishin su maido maka da lasisinka. Idan hukuncin bai yi maka ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, kuma a wannan matakin ya kamata ka nemi lauya ba tare da jinkiri ba, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi.